Bindigar Fim da Bindigar Gaske: Tambayoyi da Amsoshi

Mafi yawan mutane ba su taɓa riƙe bindiga da hannunsu ba, amma kusan kowa yana jin ya san yadda take aiki, domin ya sha ganinta a finafinan Amurka da na Indiya da na gida tun yana yaro. Matsalar ita ce bindigar da ake nunawa a fim mai biyayya ce, tana yin abin da mai riƙe da ita ya yi niyya ne kawai, ba ta wuce nan, alhali ta gaske tana kurmantar da mai harbinta, tana kuskuren saiti, kuma abin da ta yi ba ya gyaruwa. Wasu daga cikin kurakuran finafinai ba su cutar da kowa, wasu kuwa sun shiga kan jama'a har ana aiki da su, kuma waɗannan ne suka fi damuna a amsoshin da ke biye.

Shin da gaske harsashi yana ɗaga mutum sama ya yi jifa da shi baya?

A'a, ba ya yi. Dokar motsi ta uku da Isaac Newton ya bayyana tana cewa duk ƙarfin da ya tura abu gaba, akwai daidai da shi da ke tura wanda ya yi turin baya. Saboda haka da a ce harsashi yana da ƙarfin da zai ɗaga ƙato ya buga shi da bango, da mai harbin ma bindigar ta yi jifa da shi ta ɗaya ɓangaren. Lissafin ba shi da wuya. Kan harsashin ƙaramar bindiga mai faɗin milimita 9 nauyinsa kamar giram 8 ne, kuma yana fita da gudun mita 360 a daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka. Idan ya shiga jikin mutum mai nauyin kilo 70 ya tsaya a ciki, turin da zai yi masa bai wuce na kimanin santimita 4 a daƙiƙa ba, wato ƙasa da bangazar da mutum ke sha a cikin cunkoson kasuwa. Ɓarnar harsashi tana cikin huda nama da fasa ƙashi da tsinka jijiyoyin jini.

Wanda aka harba yakan sulale ne ya faɗi inda yake, ko ya yi tuntuɓe saboda razana, ko ma ya ci gaba da tafiya. Abin da ake gani a fim kuwa, igiya ce ake ɗaura wa ɗan wasan a ƙarƙashin riga a fizge shi baya, sannan a goge igiyar da kwamfuta.

Idan an harbi mutum, yana mutuwa nan take kamar yadda ake nunawa?

Finafinai suna da ƙa'idoji biyu masu karo da juna a nan. Yaran mugu, harsashi ɗaya ko'ina ya same su sun mutu ke nan, ba ko shurawa. Shi kuwa jarumi, a harbe shi a kafaɗa ko a cinya, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da faɗa har ƙarshen fim. Duka biyun ba haka suke ba.

Harsashin da ke tsayar da mutum nan take shi ne wanda ya sami ƙwaƙwalwa ko laka ta saman wuya. Ban da wannan, abin da ke kashewa yawanci zubar jini ne, kuma yana ɗaukar lokaci, daga daƙiƙoƙi zuwa sa'o'i. Ranar 11 ga Afrilun 1986, jami'ai takwas na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, sun yi musayar wuta da 'yan fashin banki biyu a yankin Miami da ke jihar Florida. Tun a farkon arangamar harsashi ya ratsa hannun ɗaya daga cikin 'yan fashin, Michael Platt, ya shiga ƙirjinsa ya tsaya dab da zuciya. Raunin na mutuwa ne, amma mutumin ya ci gaba da harbi na mintoci, ya kashe jami'ai biyu kafin a gama da shi. Wannan lamari ne ya sa hukumar ta sake nazarin irin harsasan da jami'anta ke ɗauka. Haka kuma lokacin da aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan ranar 30 ga Maris 1981 a birnin Washington, bai ma san harsashi ya shige shi ba. Ya ɗauka haƙarƙarinsa ne ya karye lokacin da mai tsaronsa ya tura shi cikin mota, kuma da ƙafarsa ya shiga asibiti kafin ya yanke jiki ya faɗi, alhali harsashin yana cikin huhunsa.

Batun kafaɗa da cinya shi ne ya fi haɗari, domin ya sa mutane da yawa suna ganin akwai wurin da za a harbi mutum don a ji masa ciwo kawai. Babu irin wannan wuri a jikin ɗan Adam. A cikin cinya akwai babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa, wadda idan ta tsinke mutum zai iya rasuwa cikin 'yan mintoci. A kafaɗa kuma akwai wata babbar jijiyar jinin a ƙarƙashin ƙashin wuya, ga tarin jijiyoyin da ke motsa hannu, ga gaɓar kanta. Wanda ya tsira daga harbin kafaɗa yakan yi watanni yana jinya, kuma ba kowa ke sake ɗaga hannun yadda yake yi a da ba.

To shin wajibi ne a ciro harsashin nan da nan kafin mutum ya tsira?

Wannan fitowa ta zama kamar farilla a finafinai: a kwantar da jarumi a ɗaki, a gasa wuƙa a wuta, a tona raunin, a jefa harsashin cikin kwano ya yi ƙara, sai kowa ya yi ajiyar zuciya kamar an gama. A aikin likita lamarin kusan akasin haka ne. Harsashi ya riga ya gama ɓarnarsa a kan hanyar shigarsa, kuma abin da likitan fiɗa ke nema shi ne ya tsayar da jini, ya ɗinke hanji ko jijiyar da ta yage, ya hana raunin ruɓewa. Sau da yawa ana barin harsashin a jiki idan tono shi zai fi barinsa illa. Ana ciro shi ne idan yana cikin gaɓa, inda dalmarsa za ta iya narkewa ta shiga jini, ko yana danne wata jijiya, ko yana kusa da fata.

Tarihin shugabannin Amurka ya nuna ɓangarorin biyu. An harbi Theodore Roosevelt a ƙirji a birnin Milwaukee ranar 14 ga Oktoban 1912, likitoci suka yanke shawarar barin harsashin, kuma ya rayu da shi har rasuwarsa a 1919. Shi kuwa James Garfield, da aka harbe shi ranar 2 ga Yulin 1881, likitoci sun yi ta cusa yatsu da kayan aikin da ba a tsabtace ba cikin raunin suna neman harsashin, raunin ya ruɓe, ya rasu ranar 19 ga Satumba bayan fiye da wata biyu yana shan wahala. Masana tarihi da likitoci da yawa suna ganin tonon ya taimaka wajen kashe shi.

Abin da ya kamata wanda ke kusa ya yi shi ne ya danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada ya saki, idan a hannu ko ƙafa ne kuma jinin ya ƙi tsayawa ya ɗaure sama da raunin tamau, sannan a garzaya asibiti. A Najeriya akwai dokar da aka sanya wa hannu a ƙarshen 2017 wadda ta wajabta wa asibitocin gwamnati da masu zaman kansu su karɓi wanda aka harba su fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ya kamata kowa ya san da wannan doka, domin mintocin da ake ɓatawa wajen neman takarda su ne mintocin da jini ke ƙarewa.

Me ya sa harsasan jarumi ba sa ƙarewa?

Domin tsayawa a sake loda bindiga yana katse armashin faɗa, sai mai tace fim ya yanke wurin. Libarba, wato ƙaramar bindiga mai juyawa, yawanci harsashi shida take ɗauka. Fistol irin Glock 17 tana ɗaukar 17. Bindigar AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya tsara kuma sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949, gidan harsasanta da aka saba gani 30 yake ci, kuma tana fitar da kimanin 600 a minti ɗaya. Ma'anar wannan ita ce idan mutum ya danne kunama bai saki ba, cikin daƙiƙa uku ya ƙarar da komai. Jarumin da ake nunawa yana ɓarin wuta na minti biyu ba tsayawa zai buƙaci harsashi 1,200, wato gidan harsasai arba'in, nauyin da ya haura kilo talatin, kuma kafin ya kai rabi bututun bindigar ya yi zafin da katakon riƙonta zai fara hayaƙi. Shi ya sa ake koya wa soja ya riƙa harbi ɗai-ɗai ko 'yan kaɗan a jere, domin ɓarin wuta yana ɗaga bakin bindiga sama, harsasan su tafi inda ba a nufa ba.

Shin salansa tana mayar da ƙarar bindiga kamar tsaki?

Ba ta yi. Hiram Percy Maxim ne ya sami rajistar ƙirƙirar wannan na'ura da ake ɗaurawa a bakin bindiga a Amurka a 1909, kuma aikinta iri ɗaya ne da na salansar mota ko babur: tana tare iskar da ta fashe, ta rage mata gudu da zafi kafin ta fito. Duk wanda ya san ƙarar babur da salansa da kuma ba salansa ya san tana ragewa sosai, amma babur ɗin ba ya yin shiru. A ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarar harbi takan kai desibel 140 zuwa 170 gwargwadon irin bindigar, salansa kuma takan rage 20 zuwa 35 ne. Abin da ya saura yawanci yana nan kusa da desibel 130 ko sama, ƙarar da har yanzu ta fi ta injin fasa kwalta, kuma maƙwabta za su ji.

Akwai kuma ƙara ta biyu wadda salansa ba ta da iko a kanta. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, harsashin AK-47 kuwa yana fita da gudun da ya haura mita 700. Duk abin da ya fi sauti gudu yana yin wata ƙara mai kama da ta bulala a kan hanyarsa, kuma wannan ƙarar daga harsashin take fitowa bayan ya bar bindiga. A ƙasashe irin su Finland da Norway da Birtaniya, maharba namun daji suna amfani da salansa bisa doka don kare kunnuwansu da na karnukansu, abin da ya nuna ainihin amfaninta.

Yaya mutane ke yin hira bayan sun yi musayar wuta a cikin ɗaki?

A zahiri da wuya su ji juna. Ƙarar da ta kai desibel 140 tana iya lalata ji a karo ɗaya, kuma a cikin rufaffen ɗaki ko mota bango yana dawo da ita kunne. Abin da ke biyo baya shi ne toshewar kunne da wani amo mai kama da kukan gyare, wanda ga wasu ba ya tafiya har abada. A Amurka, wannan amon kunne shi ne lalurar da tsofaffin sojoji suka fi karɓar diyya a kanta. Masu atisayen harbi suna toshe kunnuwansu, su ma 'yan wasan fim suna sa abin toshe kunne mai launin fata wanda kyamara ba ta nunawa.

Gaskiya ne harsashi ɗaya yana tayar da mota idan ya sami tankin mai?

Kusan ba ya faruwa. Kan harsashi dalma ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe, ba wuta yake ɗauke da ita ba, kuma fetur ba ya kamawa sai tururinsa ya gauraya da iska daidai gwargwado sannan ya sami tartsatsi. Cikin tanki tururin ya yi yawa, iskar ta yi kaɗan. Abin da aka fi samu shi ne huda da yoyon mai, wanda zai iya kamawa daga baya idan ya haɗu da wuta. Fashewar da ake gani a fim, masu shirya ta ne ke dasa abin fashewa da jarkokin mai, su tayar da su daga nesa a daidai lokacin da darakta ya ba da umarni. Tartsatsin da ake gani harsashi yana yi a jikin bango da ƙarfe ma yawanci haɗa shi ake yi, don mai kallo ya san inda harbin ya sauka.

Kuskuren da ya fi wannan muhimmanci shi ne na ɓuya. Ƙofar mota falle ne na siririn ƙarfe da roba, harsashin ƙaramar bindiga ma yana iya ratsa ta, balle na AK-47. Haka teburin da aka kifar, da ƙofar katako, da kujerar falo, da kwanon rufi: suna ɓoye mutum daga ido, ba sa tare harsashi. A jikin mota, injin ne ya fi ba da kariya. Wanda harbi ya rutsa da shi ya kwanta ƙasa, ya nemi bango mai kauri ko tudun ƙasa ko rami, kuma ya nisanci taga.

Shin mutum zai iya saita abokin gaba yana gudu, ko da bindiga biyu a hannu biyu?

Saitin ƙaramar bindiga yana da wuya fiye da yadda ake zato, ko ga wanda yake tsaye cak ya riƙe ta da hannu biyu. Bututunta gajere ne, saboda haka ɗan karkacewar da ido ba ya gani a hannu yana zama kuskuren mita guda a nesa. Idan aka ƙara tsoro da bugun zuciya da duhu da abokin gaba mai motsi, sai lamarin ya ƙara lalacewa. Cibiyar bincike ta RAND ta yi nazarin harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa a lokutan da ake mayar musu da wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da aka horar. Sauran kashi 82 ɗin ba ɓacewa suke yi a iska ba, kowane ɗaya yana sauka a wani wuri, a bango ko a mota ko a jikin mai wucewa, kuma wannan ne abin da fim ba ya taɓa nunawa.

Bindiga biyu a hannu biyu ba ta da amfani, domin ido ba ya iya bin saiti biyu a lokaci guda, kuma babu hannun da zai sake lodi. Riƙe fistol a karkace ma ado ne kawai, yana ɓata saiti. Harbe bindiga daga hannun mugu, ko harbe igiya daga nesa, ko fasa kwaɗo da harsashi ɗaya, duk suna cikin wannan sahu, kuma na ƙarshen yana iya dawo da ɓarɓashin ƙarfe fuskar mai harbin. Gwanin harbi daga nesa kuwa, aikinsa lissafi ne: harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bututu, iska tana karkatar da shi, shi ya sa yawanci su biyu ne, ɗaya yana auna nisa da iska, ɗaya yana harbi.

Me ya sa bindiga ke yin ƙaras-ƙaras duk lokacin da aka ɗaga ta?

Wannan ƙarar a ɗakin haɗa sauti ake sa ta bayan an gama ɗaukar fim, don mai kallo ya ji cewa lamari ya yi tsanani. Bindiga mai lafiya ba ta yin surutu don an motsa ta. Haka kuma jarumin da ke sake ɗana bindigarsa don ya tsorata wanda ya riga ya tsare da ita, a zahiri ko dai yana zubar da harsashi mai kyau ƙasa, ko kuma yana nuna cewa tun farko babu komai a bakinta.

Wane kuskure ne ya fi kowanne haɗari?

A ganina shi ne wanda mai kallo ba ya ma lura da shi: yadda ake riƙe bindiga lokacin da ba a harbi. A fim za ka ga ɗan sanda yana gudu da yatsa a kan kunama, yana nuna abokin aikinsa da bakin bindiga yana ba shi umarni, yana sosa kai da ita, yana cusa ta a ƙugu ba kube. Ba abin da ke faruwa, domin marubucin labarin bai rubuta cewa ta tashi ba. A rayuwa kuwa, hannun ɗan Adam yana damƙewa da kansa idan ya razana ko ya yi tuntuɓe, kuma idan yatsa yana kan kunama a wannan lokacin, harbi ya fita.

Wani tsohon hafsan sojan Amurka mai koyar da harbi, Jeff Cooper, ya taƙaita ƙa'idojin a guda huɗu waɗanda ake koyarwa a ƙasashe da yawa. A ɗauki kowace bindiga a matsayin mai lodi. Kada bakinta ya fuskanci abin da ba a yi niyyar hallakawa ba. Yatsa ya kasance a wajen kunama har sai an saita kuma an yanke shawarar harbi. A tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Hikimar tsarin ita ce sai an karya biyu a lokaci guda kafin a yi asarar rai. Ƙa'ida ta farko tana da dalili na musamman wanda finafinai suka jahiltar da mutane a kai: cire gidan harsasai ba ya nufin bindiga ta zama fanko, domin harsashi ɗaya yana iya kasancewa a cikin bututu. Kalmar da aka fi ji daga bakin wanda ya harbe ɗan'uwansa ko abokinsa bisa kuskure ita ce ya ɗauka babu komai a ciki.

Ai bindigogin fim na wasa ne, ko ba haka ba?

Wasu na roba ne, wasu na katako, kuma a yau ana iya ƙara walƙiyar harbi da kwamfuta. Amma manyan finafinai sun daɗe suna amfani da bindigogin gaske da harsashi marar kai, wato kwanso da albarushi kawai, don a sami ƙara da wuta da girgizar hannu. Irin wannan harsashi yana kisa a kusa, saboda iskar da ke fita da ƙarfi. A watan Oktoban 1984 ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum, mai shekara 26, ya ɗora irin wannan bindiga a gefen kansa a wurin ɗaukar wani shirin talabijin ya ja kunama, ƙarfin iskar ya fasa ƙashin kansa, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Ranar 31 ga Maris 1993 Brandon Lee, ɗan shahararren ɗan wasan nan Bruce Lee, ya rasu yana da shekara 28 a Wilmington ta jihar North Carolina. Wani kan harsashi ne ya maƙale a bututun bindigar tun daga wata fitowa ta baya, ba wanda ya duba, da aka sa harsashi marar kai aka harba sai ya tura shi cikin cikinsa.

Wani kuma shi ne na ranar 21 ga Oktoban 2021 a jihar New Mexico, wurin ɗaukar fim ɗin Rust, inda bindigar da ke hannun ɗan wasa Alec Baldwin ta tashi da harsashin gaske, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya raunata darakta Joel Souza. A 2024 kotu ta sami mai kula da makaman fim ɗin da laifin kisa ba da niyya ba, ta yanke mata ɗaurin wata 18, shari'ar Baldwin kuma alƙali ya kore ta a watan Yulin shekarar. Duk waɗannan sun faru ne a wuraren da aka ɗauki mutane aiki musamman don kula da bindiga.

Rigar sulke fa, tana hana komai shiga?

Riga mai laushi da ake sawa a ƙarƙashin tufafi, wadda ake saƙawa da zare irin Kevlar da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, an yi ta ne don harsashin ƙananan bindigogi. Harsashin babbar bindiga yana ratsa ta, sai an ƙara faranti mai tauri na ƙarfe ko na tangaran na musamman, mai nauyi. Ko rigar ta tare harsashi, mai ita yakan tashi da ƙurji mai zurfi ko karyewar haƙarƙari.

A nan ya dace a ambaci abin da ya shafe mu kai tsaye. Finafinan Najeriya da dama suna nuna mutumin da ya sha maganin bindiga ko ya ɗaura laya, harsashi yana zuba daga jikinsa kamar tsakuwa. Jaridun ƙasar sun sha ba da labarin mutanen da suka mutu wajen gwada irin wannan magani, wani lokaci mai maganin, wani lokaci mai saye, wanda ya ja kunamar kuma ya ƙare a hannun hukuma da tuhumar kisa.

Idan masu fim sun san gaskiya, me ya sa suke yin haka?

Da yawansu sun sani, kuma manyan finafinai suna ɗaukar tsofaffin sojoji su ba da shawara. Amma kyamara tana buƙatar abin da ido zai gani. Harbin gaske yana da sauri, ba shi da kyan gani, sau da yawa ba a ma gane wanda aka samu sai daga baya, don haka ake ƙara tsalle da tartsatsi da wuta. Ban ga laifi a wannan ba, domin ba wanda zai mutu saboda ya yarda mota tana fashewa. Inda nake ganin suna da alhaki shi ne wuraren da gyaran ba zai rage wa labari komai ba. Cire yatsa daga kunama ba ya ɓata fitowa, haka nuna cewa raunin kafaɗa yana kwantar da mutum, haka nuna inda harsashin da ya kuskure ya sauka.

Harbi sama don murna ko don tarwatsa taro, shi ma yana da illa?

Yana da ita, kuma finafinai sun mayar da shi kamar buga ganga. Duk harsashin da ya tafi sama sai ya dawo. Gwaje-gwajen da Julian Hatcher na sojan Amurka ya ba da rahotonsu sun nuna cewa harsashin babbar bindiga da aka harba sama tsaye yana dawowa da gudun kimanin mita 90 a daƙiƙa, gudun da zai iya huda fata. Mafi muni shi ne ba kasafai ake harbi tsaye cak ba. Wanda aka harba a karkace yana riƙe juyawarsa da yawancin gudunsa, ya yi baka ya sauka a wata unguwa mai nisan kilomita ɗaya ko biyu, inda ba wanda ya ji ƙarar tashinsa. Likitocin wani asibiti a Los Angeles sun tattara bayanan mutum 118 da irin wannan harsashi ya faɗo wa tsakanin 1985 da 1992. Yawancinsu a ka ya same su, kuma 38 daga cikinsu sun mutu, kason mutuwar da ya zarce na sauran raunukan harbi nesa ba kusa ba.

Kada a haɗa wannan da bindigar toka da 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan sallah, wadda albarushi ake ɗura mata don ƙara da hayaƙi, ko da yake ita ma tana ƙona na kusa, kuma takan fashe a hannun mai ita idan ɗurin ya yi yawa. Bindigar zamani da ake ɗagawa sama a wurin biki ko gangami harsashi mai kai take fitarwa, kuma kwanon rufin ɗaki ba ya tare shi idan ya dawo.